Tunanin ƙaramin yaro: yadda yake warware matsala da abin da kuskurensa ke nunawa

A ƙarshen kowane zangon karatu, makarantun naziri masu zaman kansu a Kano, Kaduna, Zariya da sauran birane kan miƙa wa iyaye takardar sakamakon yara 'yan shekara 3 da 4, wasu har da matsayin da yaro ya zo a aji. Uwar da ɗanta ya zo na ashirin takan koma gida da damuwa. Wani uban ya ɗauko malamin lesin, wani kuma ya yanke hukunci cewa yaron ba shi da kai. Alhali tsarin ilimi na Najeriya ya sa shekara 6 a matsayin lokacin shiga aji ɗaya na firamare, kuma bugunsa na 2013 ya ƙara shekara guda ta share fage ga 'yan shekara 5. Tsakanin abin da gwamnati ta tsara da abin da makarantun kuɗi ke yi, iyaye da dama sun rasa na kamawa. Shin sakaci ne a bar yaro yana wasan ƙasa har ya kai shekara 5, ko kuwa ɗora masa aikin gida yana shekara 3 ne ya wuce gona da iri?

Kafin a amsa, sai an san abin da kan yaro ke iya ɗauka a kowane mataki. Masana halayyar yara sun shafe kusan shekara ɗari suna bincike a kan haka, kuma har yau akwai wuraren da suka saɓa wa juna.

Me ake kira warware matsala?

A wajen masu wannan fanni, matsala ba sai lissafi ba. Duk lokacin da yaro ke son wani abu, wani abin ya tare masa hanya, kuma ba shi da amsa a shirye, to ya gamu da matsala. Alewar da ke kan tebur inda hannunsa bai kai ba matsala ce, haka takalmin da ya ƙi shiga, da ƙwallon da ta shige ƙarƙashin gado, da yayan da ya ƙwace masa mota. Warwarewa kuwa ita ce neman hanyar da za ta kai shi ga abin: ya jawo kujera 'yar tsugunno ya taka, ya sauya ƙafa, ya ɗauko tsintsiya ya zaƙulo, ko ya kai ƙara wajen uwa. Kuka ma dabara ce, ita ce ma ta farko da ya fara amfani da ita.

Abu uku ne ke haɗuwa su ba shi wannan iko. Akwai riƙe bayani a ka na ɗan lokaci ana aiki da shi, irin na yaron da aka aika sayen magi da gishiri da ashana, wanda dole ya riƙe ukun har ya isa wajen mai tireda. Akwai kame kai, wato danne abin da hannu ya saba ko rai ke so don a yi abin da ya dace. Sai sauya dabara idan ta farko ta ƙi ci. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi ne ya fi ɗaukar nauyin waɗannan ayyuka, kuma yana cikin masu jinkirin nuna, domin ba ya kammala girma sai mutum ya haura shekara 20. Saboda haka yaron da ya dawo da magi da gishiri ya manta ashana, galibi kayan ne suka fi ƙarfin abin da kansa ke riƙewa a lokaci guda.

Kafin baki ya buɗe

Jariri yana fara warware matsala da hannu da baki tun bai iya furta kalma ɗaya ba. Wani masani a Sikotilan, Peter Willatts, ya riƙa ɗora abin wasa a kan ƙyalle nesa da jariri, ya bar gefen ƙyallen kusa da hannunsa. 'Yan wata 6 sukan kama ƙyallen su yi wasa da shi, in abin ya matso to katari aka yi. Zuwa wata 8 kuwa, jariri kan kafa ido a kan abin wasan, ya ja ƙyallen da niyya, ya saki da zarar abin ya iso. A cikin wata biyu kacal ya gano cewa ana iya yin wani abu don a samu wani.

A daidai wannan lokaci ne kuma ake ganin wani kuskure mai ban mamaki. Idan aka ɓoye abin wasa ƙarƙashin kwanon dama sau da yawa jariri yana ɗaukowa, sannan a gaban idonsa aka mayar da shi ƙarƙashin kwanon hagu, ɗan wata 9 ko 10 yakan koma ya buɗe na dama. Binciken Adele Diamond ya nuna cewa tsawon jiran da aka sa shi ya yi kafin ya miƙa hannu yana da tasiri sosai, kuma wani lokaci idonsa na kan kwanon da ya dace amma hannunsa ya tafi inda ya saba. Zuwa shekara 1 kuskuren kan ragu ƙwarai.

Cokali ma ya zama abin gwaji. A wani bincike na 1999 a Amurka, an riƙa ajiye wa yara cokali da abinci, mariƙinsa wani lokaci a dama, wani lokaci a hagu. 'Yan wata 9 sukan cafka da hannun da suka saba, har mariƙin ya shiga baki maimakon abincin, sannan su gyara. 'Yan wata 14 sukan lura a hanya, su juya cokalin kafin ya kai baki. 'Yan wata 19 kuwa sukan duba tukuna, su zaɓi hannun da ya dace. Gyaran kuskure ya tashi daga bayan aiki, ya dawo tsakiyarsa, sannan ya dawo gabansa. Wannan shi ne asalin tsara abu kafin a yi shi.

Piaget da matakansa huɗu

Mutumin da ya kafa harsashin wannan ilimi shi ne Jean Piaget, ɗan ƙasar Siwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980. Yana matashi ya yi aiki a Faris wajen masu gwajin basirar yara, sai amsoshin da ba daidai ba suka fi jan hankalinsa, domin ya lura yara masu shekaru ɗaya kan yi kuskure iri ɗaya. Daga nan ya yanke cewa tunanin yaro yana da nasa tsari daban da na babba. Ya kuma sa ido a kan 'ya'yansa uku, yana rubuta abin da suke yi kullum. Ya ba da labarin 'yarsa Lucienne tana wata 16, lokacin da ya sa sarƙar agogo cikin kwalin ashana ya bar 'yar kafa. Ta gwada ta kasa, sai ta tsaya tana kallon kwalin tana buɗe bakinta tana rufewa, tana ƙara wangale shi, sannan ta sa yatsa ta ja kwalin ya buɗe. A fahimtarsa, ta gwada dabarar da bakinta kafin ta gwada da hannu.

Piaget ya kasa girman tunani gida huɗu. Daga haihuwa zuwa shekara 2 yaro na fahimtar duniya ta taɓawa da motsi. Daga 2 zuwa 7 ya samu harshe da kwaikwayo, amma abin da ido ya gani na rinjayar hukuncinsa. Daga 7 zuwa 11 yana iya bin dalili muddin abin a zahiri yake. Daga 11 ko 12 zuwa sama ne yake iya tunani a kan abin da ba a gani, irin su "da a ce".

Mataki na biyu ne ya shafi 'yan naziri. Gwajin da ya fi shahara shi ne na ruwa. A zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu masu kama ɗaya, yaro ya yarda daidai suke, sannan a juye ɗaya cikin doguwar kwalba siririya a gabansa. Ɗan shekara 4 zai ce na kwalbar ya fi yawa, domin ya fi tsawo. Haka idan aka jera duwatsu shida-shida layi biyu, aka baza layi ɗaya, zai ce bazajjen ya fi. Kowace uwa ta san wannan ko ba ta taɓa jin sunan Piaget ba: yaron da ke kukan naman da aka ba shi ya yi kaɗan yakan yi shiru idan aka yanka masa shi gida uku, kuma zai zaɓi takardar naira hamsin guda biyu ya bar ta ɗari biyu guda ɗaya. Piaget ya ce dalili shi ne yaron na kallon fuska ɗaya ta abu, tsawo ban da faɗi, kuma bai iya mayar da aiki baya a cikin kansa ba, wato ya ce in aka juye ruwan ya koma kofin farko zai dawo yadda yake.

Sauyin da ke zuwa wajen shekara 7 ba Turawa kaɗai suka lura da shi ba. Malaman fiƙihu da yawa sun kimanta shekarun tamyizi, wato lokacin da yaro ke fara rarrabe abubuwa da hankalinsa, a wajen bakwai, kuma hadisi ya yi umarni da a fara horon yara da salla a wannan shekara. A 1975 Barbara Rogoff da abokan aikinta sun duba bayanan al'ummomi 50 na duniya, suka ga tsakanin shekara 5 da 7 ne galibi ake fara damƙa wa yaro amana, kamar raino da kiwo da aike.

Yaron ne bai gane ba, ko tambayar ce?

A shekarun 1970 aka ƙara ƙaimi wajen ƙalubalantar Piaget, kuma ƙalubalen na da ƙarfi. A Edinbura, James McGarrigle da Margaret Donaldson sun sake gwajin layin duwatsu da 'yan shekara 4 zuwa 6, amma maimakon babba ya baza layin da gangan, sai aka sa wani ɗan tsana "mai ɓarna" ya fito ya hargitsa shi kamar bisa kuskure. Yaran da suka ce adadin bai sauya ba sun ƙaru sosai. Wasu masu binciken kuma sun lura cewa a tsohon gwajin ana yi wa yaro tambaya ɗaya sau biyu, kafin a baza da bayan an baza. A rayuwar yau da kullum, idan babba ya maimaita maka tambaya, ma'anarsa amsarka ta farko ba ta yi ba. Da aka yi tambayar sau ɗaya, sakamako ya gyaru.

Wannan batu ya fi nauyi a al'ummar da ake horon yaro kada ya musa wa babba. A ƙasar Sanagal, cikin shekarun 1960, Patricia Greenfield ta yi gwajin ruwa da yaran Wolof. Waɗanda ba su shiga makaranta ba sukan ce ruwan ya ƙaru, da aka tambaye su dalili sai su ce saboda ita ce ta juye shi. Da ta miƙa musu kofin suka juye da hannunsu, da yawa daga cikinsu suka ce ruwan yana nan yadda yake. A Najeriya ma an yi irin wannan gwaji: Douglass Price-Williams ya gwada yaran Tibi a 1961 da ƙasa da 'ya'yan itace, abubuwan da suka saba da su, ya ga zuwa shekara 7 ko 8 sun kai matakin da takwarorinsu na Turai ke kaiwa. Shi ne kuma, tare da wasu, ya gano a 1969 cewa 'ya'yan magina tukwane a Meziko sun riga sauran yara gane cewa curin yumɓu ba ya ƙaruwa don an mulmula shi ya yi tsawo.

Inda aka tsaya a yau shi ne, jerin da Piaget ya bayyana gaskiya ne a dunƙule, kuma ana iya maimaita gwaje-gwajensa a ko'ina a ga abin da ya gani. Amma ya rage wa ƙananan yara daraja, kuma matakan ba su da kaifin iyaka kamar yadda ya zana su. Yaro ɗaya na iya zama gwani a abin da ya saba da shi, ya zama ɗan koyo a abin da bai taɓa riƙewa ba.

Sani daban, aikatawa daban

Iyaye kan ce, "Ya sani sarai, taurin kai ne." Wani gwaji da Philip Zelazo ya shahara da shi ya taɓo wannan kai tsaye. Ana ba yaro katuna masu hoton jan zomo da shuɗin jirgi da makamantansu, a ce ya ware su bisa launi. Bayan ya saba, sai a ce yanzu bisa siffa za a ware, zomaye nan, jirage can. Mafi yawan 'yan shekara 3 kan ci gaba da warewa bisa launi. In aka tambaye su ina zomaye ke zuwa a sabon wasan, sai su nuna daidai, a miƙa musu katin kuma su sa shi a tsohon wuri. 'Yan shekara 5 ba sa samun wannan cikas. Ƙa'idar ta shiga kai, ikon danne tsohuwar ɗabi'a ne bai ƙarasa ba.

Haƙuri ma an auna shi. A Jami'ar Stanford, tun ƙarshen shekarun 1960, Walter Mischel kan ajiye wa yaro alewa ɗaya ya ce in ya jira har ya dawo zai samu biyu. Daga baya aka yi ta yaɗa cewa masu jira su ne ke yin nasara a rayuwa. Wani bincike na 2018 da ya bi yara sama da 900 ya rage wa wannan magana ƙarfi, domin da aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, yawancin bambancin ya zube. A Jami'ar Rochester kuma an fara yi wa wasu yara alkawarin kayan zane aka cika, wasu aka saɓa musu, sannan aka kawo alewar. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kimanin minti 3. Yaron da aka saba ce wa "bari in dawo zan sayo maka" ba a sayowa, idan ya cinye ta gabansa lissafinsa daidai ne.

Tarbiyya ma na da hannu. Masu bincike daga Jamus sun kwatanta 'yan shekara 4 na ƙabilar Nso ta arewa maso yammacin Kamaru da takwarorinsu Jamusawa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran Nso sun jira minti 10 ba su taɓa fanken da aka ajiye musu ba, Jamusawa kuwa ba su kai kashi 30 ba.

Hannun babba: nawa ne ya isa?

Piaget ya ɗauki yaro a matsayin mai bincike da kansa. Lev Vygotsky na Tarayyar Sobiyet, wanda aka haifa shekara ɗaya da shi amma tarin fuka ya kashe shi a 1934 yana da shekara 37, ya ce tunani daga mu'amala da mutane yake farawa. Ya bambanta abin da yaro ke iya yi shi kaɗai da abin da yake iya yi in an ɗan tallafa masa, ya ce a tazarar da ke tsakanin biyun ne koyo ke faruwa. Abin da ke ƙasa da ita ɓata lokaci ne, abin da ya zarce ta kuma wahala ce kawai. A 1976 Jerome Bruner da abokan aikinsa suka kwatanta irin wannan tallafi da katakon da magina ke kafawa su tsaya a kai, wanda ake cirewa idan bango ya tsaya da kansa.

Vygotsky ne kuma ya fassara surutun da yara ke yi su kaɗai suna wasa, "wannan nan, a'a, ba nan ba." Ya ce umarnin da manya ke ba yaro ne ya fara ba kansa da baki, kuma zuwa wajen shekara 7 maganar kan koma ciki ta zama tunani. Bincike na baya ya tabbatar cewa surutun kan ƙaru idan aikin ya yi wuya. Ajin naziri da aka hana kowa motsa baki ya raba yara da ɗaya daga kayan aikinsu.

A nan ne masana suka kasu. Masu goyon bayan a bar yaro ya gano da kansa na kafa hujja da wani gwaji na 2011 a Amurka, inda aka ba yara abin wasa mai bututu huɗu, kowanne da abin da yake yi. Waɗanda aka ce wa "ga yadda yake aiki" aka nuna musu bututu mai ƙara, sun tsaya a kansa. Waɗanda mai binciken ta yi a gabansu kamar bisa kuskure ta gano ƙarar, sun daɗe suna wasa kuma sun gano sauran. Masu goyon bayan koyarwa kai tsaye kuma na da tasu hujja. A Birmingham ta Ingila an sa ɗan guga mai kyauta a ƙasan doguwar kwalba, aka ba yara miƙaƙƙiyar waya mai laushi. Da wuya ɗan ƙasa da shekara 5 ya yi tunanin lanƙwasa ta ya yi ƙugiya, sai wajen shekara 8 ne mafi yawa ke yin haka da kansu. Amma da zarar an nuna sau ɗaya, kusan kowa ya iya. Duk wanda ya ga yadda ƙananan yara ke koyon ƙera motar kara ko ta langa-langa a gindin yayyensu ya san ƙarfin kwaikwayo. Karatu da rubutu ma ba a tsintar su a wasa, sai an koyar.

Wani nazari da Jami'ar Cambridge ta fitar a 2022, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa wasan da babba ke jagoranta da tambayoyi, yana barin yaro ya zaɓa ya gwada, ya fi koyarwa kai tsaye a farkon lissafi da sanin siffofi, a wasu fannonin kuma ba a ga bambanci ba. Akwai kuma shaidar cewa yara na koyon naci daga manya. A 2017 an nuna cewa 'yan wata 15 da suka ga babba yana fama da wani abu kafin ya buɗe shi sun fi dagewa a kan nasu abin wasan fiye da waɗanda suka ga an buɗe cikin sauƙi. Wani binciken da ya biyo baya ya ga 'yan shekara 4 da 5 sun fi saurin sarewa idan babba ya karɓe aikin daga hannunsu ya ƙarasa musu.

Ƙirga da yatsu, da lissafin talla

Robert Siegler ya bi yara takwas 'yan shekara 4 da 5 na tsawon mako 11 suna koyon tarawa. Ya ga yaro ɗaya, a rana ɗaya, yakan yi amfani da dabaru da dama: ya ƙirga yatsu daga ɗaya, ya yi hasashe, ya tuno amsa, ko ya fara daga babbar lamba ya ɗora ƙaramar. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi sauri, amma ko bayan yaro ya gano ta ba ya barin tsofaffin nan take. Sai da aka kawo tambaya irin 2 a tara da 21, inda yatsu ba za su isa ba, sannan suka rungume ta. Don haka yaron da ya iya abu jiya ya kasa yau bai koma baya ba, haka koyo yake tafiya. Duka don an ga yaro na ƙirga yatsu kuwa hana shi tsani ne tun bai hau ba.

A birnin Recife na Barazil, a wani bincike da aka wallafa a 1985, masu bincike sun je wajen yara masu talla a matsayin masu saye. Wani ɗan shekara 12 da aka tambaya kuɗin kwakwa goma a kan 35 kowace, ya ce uku 105 ne, ya tara sau uku ya ƙara 35, ya ce 350. Yaran sun ci kashi 98 cikin ɗari na irin waɗannan tambayoyi a kasuwa, amma da aka rubuta musu lambobin iri ɗaya a takarda sai suka ci kashi 37. Yara biyar kacal aka gwada, amma wasu binciken sun ga irin haka. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazari a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta bayyana yadda sana'ar matan kulle ta dogara a kan yara masu talla da aike da karɓo canji. Wannan ba hujja ba ce ta raba yarinya da makaranta, ga kuma haɗurran da ke tattare da talla. Abin da yake nunawa shi ne yarinyar da ke ba da canjin ɗari biyar ba tare da kuskure ba, amma ta faɗi lissafi a aji, ba lissafin ne ya gagare ta ba, ba a haɗa mata na takarda da na faranti ba ne.

Abin da ke tauye ƙwaƙwalwa tun daga tushe

Duk wannan muhawara ta ɗauka cewa yaron na da lafiya. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Tsumburewa na tafiya da raunin koyo, haka ƙarancin sinadarin ayodin da ƙarancin jini. Gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, tana lalata ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira, kuma ana samun ta a wasu nau'o'in kwallin gargajiya da ake sa wa jarirai.

Sai dai ƙofar gyara ba ta rufe ba. A Kingston ta Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor ta sa ma'aikatan lafiya suna ziyartar gidajen tsumburarrun yara mako-mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗannan yara na samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari.

Abin da wannan ke nufi ga iyaye da makarantu

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi suna da gaskiya a kan muhimmancin shekarun farko. Saɓanin yana kan abin da ya kamata a cika su da shi. Ingila na sa yara makaranta a shekara 5 ko ƙasa da haka, Finlan sai 7, kuma wani bincike a New Zealand ya ga waɗanda suka fara koyon karatu a 7 sun kamo waɗanda suka fara a 5 zuwa shekara 11. Matsayin ɗan shekara 3 a aji ya fi auna watannin da ke tsakaninsa da abokansa, da iya zama shiru, fiye da basira. Hadda kuwa, ta makarantar allo ko ta boko, ƙananan yara na da ƙarfinta ƙwarai kuma tana da amfaninta, amma yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari ba lallai ne ya iya miƙo maka cokali biyar ba. Wannan fasaha ce daban, da hannu ake koyon ta.

Harshe ma na ciki, tunda an ga yadda sigar tambaya ke sauya amsar yaro. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare, ya nuna ba su yi baya ba har a Ingilishi. Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, sannan a Nuwamba 2025 ma'aikatar ilimi ta sanar da komawa Ingilishi, tana kafa hujja da faɗuwa a jarrabawa, masu suka kuma na cewa ba a taɓa samar da malamai da littattafan da za a gwada tsarin da su ba. Ko wane ɓangare ya yi rinjaye, malamin da ya yi wa ɗan shekara 5 tambaya da harshen da ba ya ji ba zai iya tantance ko tunanin ne ya gaza ko fahimtar tambayar ba.

A gida, abubuwan da ke horar da riƙewa da kame kai da sauya dabara ba sa buƙatar kuɗi: aike mai abu biyu kafin a kai uku, tsince wake, raba ƙosai daidai tsakanin ƙanne, wasan ɓuya, carafke, kacici-kacici, da tatsuniyar da ake tsayawa a tambayi yaro me yake ganin Gizo zai yi. Game da waya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Yara sun bambanta wajen saurin girma, amma akwai alamun da ba a jira da su. Yaron da ya kai shekara 1 ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa, ko ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba, ko ya daina yin abin da ya riga ya iya, a kai shi wajen likitan yara. Abin da ake fara dubawa galibi shi ne ji, musamman ga wanda ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda ko ciwon kunne mai zubar da ruwa.